Tsoro da ƙwarin gwiwa bayan tiyatar jijiyar gwiwa

Jijiyar da likitoci ke kira ACL tana tsakiyar gwiwa, ta ɗaure ƙashin cinya da na ƙauri don kada ƙaurin ya zame gaba. Takan tsinke idan ɗan ƙwallo ya kafe ƙafa ya murɗa jiki, ko ya diro a karkace. Galibi ba ɗinke ta ake yi ba. Ana yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a gurbinta, sai gashin ƙashi da atisaye na wata tara zuwa shekara.

Warkewar jijiya daban, komawa fili daban. A 2014 Clare Ardern da abokan aikinta sun tattara bincike 69 kan mutum fiye da 7,500 da aka yi wa aikin. Kashi 81 cikin ɗari sun koma motsa jiki, kashi 65 sun kai matsayinsu na da, amma kashi 55 kaɗai suka koma gasa. Dalilin da waɗanda ba su koma ba suka fi bayarwa shi ne tsoron sake jin rauni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsoron nan yana aiki a jiki, ba a zuci kawai ba. Mai shi yakan jingina nauyinsa kan lafiyayyar ƙafar, ya riƙa tsallake atisayen da ke masa zafi, naman cinya ya ƙara shanyewa, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa sosai. A Jos, inda unguwanni da yawa hawa da gangara ne a kan duwatsu, ana gane shi tun daga yadda yake dafa bango in zai sauko. Wani kuma zai shafe watanni yana salla a kan kujera bayan likita ya ce ya gwada sujada. Bahaushe da ya kira karayar zuciya "sanyin gwiwa" bai yi kuskure ba.

Zaman gida ma yana taɓa zuciya. Matashin da ke burin Plateau United ta ɗauke shi, sai ga shi da sanduna yana jin labarin wasa a bakin abokai. Baƙin ciki da rashin barci kan biyo baya, su kuma su rage masa himmar zuwa gashi.

Don auna yadda zuciyar mutum ta shirya komawa wasa, Kate Webster da abokan aikinta a Ostareliya sun fitar da ma'aunin ACL-RSI a 2008, mai tambayoyi 12 kan fargaba, yarda da kai, da yadda mutum ke ganin haɗari. Abin da ke taimakawa shi ne likitan gashi ya yanka wa majinyaci buri ƙanana, ya nuna masa ci gabansa a awo, ya kuma mayar da shi ga tsalle da juyi sannu a hankali. ’Yan gida su daina cewa "ka cika raki".

Ƙarfin hali ma yana iya wuce gona da iri. Wani bincike na 2016 ya nuna kowane wata da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa na tara, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi.