Gwajin haske da ake kama algus a gahawa

Wai da gaske ana yin algus a gahawa?

Sosai ma kuwa. Iri biyu ne suka cika kasuwar duniya, arabika da robusta, arabika ta fi ƙamshi ta fi tsada, robusta kuwa ga araha ga ɗaci, sinadarin kafin ɗinta, wato mai hana barcin nan, ma ya kusa ninka na arabika. To da an soya an niƙa ai shikenan duk gari ne baƙi, sai a cakuɗa a rubuta arabika zalla a jikin leda, wasu har soyayyar masara da sha'ir da ɓawon gahawar suke niƙawa ciki. Sai kuma masu ƙaryar asali. A 1996 an kama wani ɗan kasuwa a Amurka yana juye gahawar Panama da Kosta Rika cikin buhunan Kona, wato gahawar Hawai mai shegen tsada, ƙarshe dai sai da ya ɗanɗana gidan yari.

To meye gwajin hasken?

Sifektiroskofi ake ce masa. Ana zuba garin a ɗan kofi mai gindin gilashi, na'ura ta dalla masa hasken infirared wanda ido baya gani, mai da sinadarin kafin da sukari da ruwan da ke ciki kowanne ya shanye nasa kason, ragowar ya dawo, kwamfuta ta zana layi mai hawa da sauka. Cikin ƴan mintuna an gama.

Haske kuma ta ina zai san ƙasar da aka noma gahawa?

Ai bai sani ba, kuma nan ne mutane ke ɗaukar abin kamar tsafi. Sai an fara tara gahawa ta gaskiya daga gonaki, ta Yirgacefe da Harar a Habasha, ta Kolombiya, ta Birazil, an haska an adana zanensu, sannan a kawo wadda ake zargi a kwatanta. Kamar dai BVN ne, in banki bai taɓa ɗaukar yatsanka ba ko sau nawa ka dangwala ba abin da zai fito. Kuma yanayin shekarar da irin suyar da aka yi duk suna taɓa zanen, shi yasa in magana ta yi zafi ake ƙarawa da auna irin sinadarin oksijin da na sitirontiyam da ke cikin ƙwayar gahawar, su kam daga ruwan sama da duwatsun wajen suke zuwa.

Robusta fa in an ɓoye ta?

Wannan ya fi sauƙi, akwai sinadari 16-OMC da ke da yawa a robusta, na'urar NMR mai aiki da maganaɗisu ke tono shi. A 2018 masu bincike a Ingila sun ga ɗan ɓurɓushinsa a arabika ma, don haka yawan ake dubawa.

Mu a Kano ina ruwanmu?

Yo ana noma arabika a tsaunin Mambila can Taraba, in ana so sunan ya yi daraja a waje dole a tara samfurinta a ɗakin gwaji, in ba haka ba kowa ma sai ya liƙa sunan a buhunsa. Kai kuma mai saye a Singa ko Sabon Gari tunda baka da na'ura sayi ƙwaya ka niƙa da kanka, ta arabika doguwa ce tsagarta a lanƙwashe, ta robusta ta fi zagaye tsagarta miƙe.