"Jininka bai yi ba": tambayoyi da amsoshi kan cututtukan da ake ganowa a jinin masu ba da jini

Duk wanda ya taɓa jinya a asibitocin Kaduna ya san wannan yanayi. Likita ya ce ana buƙatar leda biyu kafin a shiga da mai haihuwa tiyata, a yi ta buga waya, ƙanne da abokai su cika bencin ƙofar ɗakin gwaji. Can sai ma'aikaci ya leƙo ya ce wa ɗaya, "Malam, naka bai yi ba." Shi kuwa sai ya sauke hannun rigarsa ya koma gefe, a zatonsa rukunin jininsu ne bai zo ɗaya ba. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

Me ake dubawa kafin a ƙara wa mutum jini?

Ban da rukunin jini da yawansa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a gwada kowace leda don cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Ukun farko ƙwayoyin bairos ne ke kawo su. Ledar da aka samu ɗaya daga ciki, zubar da ita ake yi.

Wacce aka fi samu? Ƙanjamau ce?

A'a, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Ciwon hanta nau'in B ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Babban binciken ƙasa na NAIIS da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙanjamau. A ɓangaren hanta, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 64, nau'in B ya kai kashi 8.1, nau'in C kuma kashi 1.1. Wato kusan mutum ɗaya cikin 12 na da nau'in B. Masu ba da jini kuwa daga cikinmu suke fitowa, daga Tudun Wada da Rigasa da Kakuri da Kawo, don haka abin da ke cikin gari shi ake gani a ɗakin gwaji.

Ta yaya mutum lafiyarsa ƙalau zai kasance da ita?

Saboda cuta ce mai kwanton ɓauna. Mutum zai yi shekara 20 ko fiye yana noma, yana kasuwa, yana azumi, ba shawara ba zazzaɓi, alhali hanta na lalacewa a hankali. Wasu sai ciki ya kumbura ko an ce kansar hanta ce sannan a gano.

Kuma ina roƙo mu daina yi wa masu ita kallon mutanen banza. Galibinsu tun suna yara suka ɗauka, daga uwa lokacin haihuwa ko a farkon ƙuruciya. Jaririn da ya kamu, kusan 9 cikin 10 cutar na zama a jikinsa, amma wanda ya kamu da girmansa bai kai 5 cikin 100 ba. Ƙwayar tana iya yin kwana 7 da ranta a jikin ƙarfen da jini ya taɓa. Ku tuna askar wanzami ɗaya da za a yi wa yara biyar kaciya da ita, da ƙaho, da cire beli, da almakashin mai yankan farce da ke zagaya teburan masu shayi yana goge shi da tsumma ɗaya. Saduwa ma hanya ce, haka allurar da aka maimaita.

Idan an gwada jini aka ce lafiya, shike nan ba haɗari?

Haɗarin ya ragu ƙwarai, amma akwai ɗan tsakanin da ƙwayar ta shiga jiki gwaji bai fara ganinta ba. A ƙanjamau, gwajin nan na nan-take kan iya ɗaukar makonni har zuwa wata uku kafin ya nuna. Shi ya sa ake yi wa mai ba da jini tambayoyi tun kafin a soka allura. Wanda ya ɓoye gaskiya a wannan gaɓar don kunyar surukai, ɗan uwansa da ke kwance ya cuta.

Jinin wa ya fi aminci?

Na wanda ke zuwa da kansa, don Allah, a kai a kai. An sha gwada shi, kuma ba shi da dalilin ƙarya. Jinin dangi na biye, sai dai matsin lamba kan sa wasu yin shiru. Mafi haɗari shi ne na masu sayarwa, waɗanda ke raɓe a ƙofar asibiti ana shigar da su da sunan "ƙanina ne". Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini. Hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2021, tana da cibiyarta ta Arewa maso Yamma a nan Kaduna, ga kuma ma'ajiyar jini a asibitin Barau Dikko da asibitin koyarwa na Shika. Masu sikila, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini, su ne ke jiran waɗannan ledoji.

Shi mai bayarwa zai iya kamuwa?

A'a. Allura da leda sababbi ne, a gabanka ake ɓare su, sau ɗaya ake amfani da su.

To in an ce nawa bai yi ba fa?

Kada ka tafi sai ka tambayi dalili, a keɓe. Wataƙila ƙarancin jini ne kawai. In kuwa ɗaya daga cikin cututtukan ce, a sake gwaji don tabbatarwa, sannan ka ga likita, ka bar jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a tasha. Nau'in C ana warkewa da ƙwayoyi cikin kimanin mako 12. Nau'in B da ƙanjamau akwai magungunan da ke danne su mutum ya ci gaba da harkokinsa. A gwada iyali, wanda bai da nau'in B a yi masa rigakafi. Allurar ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, ko da a gida aka haihu, ba sai an jira ranar suna ba.