Kafin Ka Sayi Tsohon Jirgin Sama Mai Inji Biyu

Tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su wuri guda, mai niyyar saye ya karanta kafin ya sake tambayata.

Wane irin jirgi ake nufi?

Mai injin fistin biyu da ɗakin fasinja shida zuwa takwas: Cessna 340, 414 da 421, Piper Navajo, Beechcraft Duke. An daina ƙera su tun kafin 1986, don haka mafi ƙuruciyarsu ya kai shekara 40.

Me ya sa yake da araha haka?

Domin kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗin da za ka kashe. Cessna 421 na shan galan 40 ko fiye a awa ɗaya. Inji biyu, farfela biyu, turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) biyu, komai sau biyu za ka gyara.

Inji biyu ai ya fi aminci, ko?

A hannun wanda yake atisaye, e. In inji ɗaya ya mutu, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawa ne ya tafi, kuma mai ran zai riƙa murɗa hancin jirgin zuwa ɓangaren mataccen. Ka bar gudu ya sauka ƙasa da jan layin da ke kan agogon gudu, jirgin zai kife da kai. Masu cewa "ai na taɓa tuƙi da inji ɗaya lokacin jarrabawa" su ne ke hana ni barci. Ka koma horo duk shekara, kamfanin inshora ma da wuya ya ƙyale ka.

Na ga wanda injinsa ya kusa cika awanninsa, an rage kuɗi. In saya, ko in nemi wanda aka yi wa garambawul?

To, wannan tana buƙatar zama. Ya danganta da yadda aka tara awannin. Injin Cessna 421C awa 1,600 kamfanin Continental ya ƙayyade masa kafin garambawul, ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. A Amurka doka ba ta tilasta wa mai tuƙa jirginsa na kansa ya bi wannan adadi ba, amma wasu ƙasashe sun fi tsauri, sai ka duba dokar inda za ka yi rajista.

Ni dai na fi natsuwa da inji mai awa 1,400 da yake tashi duk mako a kan mai awa 300 da ya shekara biyar a rumfa. Zama ke kashe inji. Baƙin mai ya tsiyaye, laima ta shiga, tsatsa ta kama silinda da kamshaf. Na taɓa tsayawa kusa da makaniki ya yanka filtar man wani jirgi da ake yabon ƙarancin awanninsa. Ya shimfiɗa takardar a rana, burbushin ƙarfe na ƙyalli a kowane ninki. Mai sayen har ya ba da kafin alkalami.

Sai dai kada ka ɗauka mai awanni da yawa kullum shi ne riba. In ragin bai kai kuɗin garambawul na inji biyu ba, an kwashe ka. In kuma kuɗin ba ya ajiye a hannunka, ranar da silinda ta tsage jirgin zai zauna, ka koma matsalar tsatsar da ka gudu. Wanda aka yi wa garambawul ma sai ka tambaya wa ya yi, me aka canza. Bai wuce a duba cikin silinda da kyamara, a gwada matsinta, a kai mai gwaji ba, sannan ka yanke.

Makanikin mai sayarwa zai iya duba mini?

A'a. Ka kawo naka, wanda ya san samfurin.

Littafin tarihin gyara ya ɓata na wasu shekaru, da damuwa?

Da damuwa sosai. Da me za ka tabbatar an bi umarnin da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta bayar a shekarar 2000 kan duba salansar Cessna masu turbo? Salansa in ta tsage, wuta take hurawa kusa da ƙashin fiffike. Ka tafi abinka.

An ce za a daina 100LL, man da jiragen nan ke sha?

Kwantar da hankalinka. FAA da masana'antar jiragen sama sun sa ƙarshen 2030 a matsayin burin raba man da dalma, kuma ana ta gwajin madadinsa. Injinan nan masu turbo suna buƙatar man da ƙarfinsa ya kai 100, don haka ka riƙa bibiyar wanda aka amince wa samfurin injinka.