Sarƙaƙiyar Condorcet

Sarƙaƙiyar Condorcet matsala ce da ke tasowa wajen yanke shawara ta hanyar ƙuri'a, inda kowane mai zaɓe ya san abin da ya fi so da wanda ke biye da shi, amma da an haɗa ƙuri'un sai rinjaye ya yi ta zagaye, ya kasa tsayawa kan abu guda. Ta samo sunanta daga Marquis de Condorcet (1743–1794), masanin lissafi ɗan Faransa, wanda ya bayyana ta a 1785.

A ɗauka kansiloli uku ne, kuɗin da ke hannu kuma na aiki ɗaya ne: rijiyar burtsatse, asibiti ko hanya. Na farko ya fi son rijiya, sannan asibiti, sannan hanya. Na biyu asibiti ne a gabansa, sai hanya, sai rijiya. Na uku kuwa hanya, rijiya, asibiti. In aka kara rijiya da asibiti, rijiya ta ci da ƙuri'a 2 da 1. Haka asibiti zai kayar da hanya. Amma hanya ita ma ta kayar da rijiya. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu, taron ne ya rasa alƙibla.

Abin da ya fi jan hankali shi ne ikon da wannan ke bai wa shugaban zama. In ana kara ayyukan biyu-biyu, aikin da ya ajiye sai a zagaye na ƙarshe, shi zai yi nasara.

A 1951 Kenneth Arrow, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya faɗaɗa batun. Ya tabbatar da cewa muddin zaɓi ya kai uku, babu tsarin jera zaɓuɓɓuka da zai cika wasu 'yan sharuɗɗan adalci gaba ɗaya, ciki har da cewa kada ra'ayin mutum ɗaya ya zama shi ne hukunci. Ya samu kyautar Nobel a 1972.

Tun a 1948 Duncan Black, masanin tattalin arziki ɗan Scotland, ya nuna inda matsalar ba ta tasowa: idan ra'ayoyi sun jeru kan layi ɗaya, kamar yawan harajin da za a ɗora, zaɓin mai ra'ayin tsakiya ne ke rinjaye. William Riker, masanin kimiyyar siyasa ɗan Amurka, ya kafa hujja da sarƙaƙiyar yana cewa abin da ake kira "muradin jama'a" ba shi da tabbatacciyar ma'ana, yayin da Gerry Mackie, shi ma masanin kimiyyar siyasa, ya musanta, yana mai cewa da wuya ake ganin wannan zagaye a majalisu na zahiri.