Nissan Skyline GT-R R32: tambayoyin da mai riƙe da ita ya kamata ya san amsarsu

Wace irin mota ce wannan da har yau ake rububinta?

Nissan ta ƙera ta daga 1989 zuwa 1994, kuma da niyyar tsere aka zana ta tun farko. Injinta, RB26DETT, silinda shida ne a jere, lita 2.6, da turbo biyu, wato na'urorin da ke cusa ƙarin iska cikin inji. A takarda ƙarfin doki 280 aka rubuta, domin a lokacin kamfanonin motocin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba mai tallata abin da ya wuce haka. A gasar Japan ta rukunin A, tsakanin 1990 da 1993, tsere 29 ta shiga, duka 29 ta cinye. A Ostareliya ma ta lashe tseren Bathurst 1000 a 1991 da 1992. Da ta cika shekara 25 a 2014, dokar Amurka ta ba da damar shigar da ita, farashinta kuwa ya tashi. Amma duk wannan suna ba ya hana tsufa: mafi ƙuruciyarsu yau ta haura shekara 30.

Na same ta, tana tashi lafiya. Me zan fara yi?

Ka ɗauka ba a taɓa yi mata sabis ba, ko da mai sayarwa ya rantse. Fara da taimin bel. Ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce, amma roba tana mutuwa da shekaru ko motar na ajiye, kuma idan ya tsinke a wannan injin fistin da bawul ne za su yi karo. Tunda an buɗe wurin, a sauya famfon ruwa da tenshina gaba ɗaya. Sai juye, da man giya, da man birki, da ruwan lagireto. A gwada matsin kowace silinda: abin dubawa shi ne shidan su zo kusa da juna, kada ɗaya ta faɗi ƙasa ita kaɗai.

Daga nan a bi tiyo-tiyo. Akwai ƙananan tiyoyin ruwa da ke ɓoye ƙarƙashin bututun shigar iska, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, shi ya sa ake barin su har su fashe a hanya. A leƙa tsatsa kuma, musamman bakin tayoyin baya, da ƙasan ƙofofi, da inda shokozoba ke ɗaure. Inji ana sake shi, amma bodin da tsatsa ta cinye shi ne gyaran da ya fi cin kuɗi.

Me ke kashe turbo?

Zafi da rashin mai mai kyau. Sandar da ke cikinsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, hayaƙin injin mai tsananin zafi ne ke tura ta, kuma siririn shafin bakin mai ne kaɗai ke raba ta da ƙarfen da take kwance a kai. Wanda ya tayar da mota da safe ya taka totur nan take, ya sa sandar gudu kafin mai ya yi ɗumi ya zagaya yadda ya kamata. Wanda kuma ya dawo daga gudu ya kashe injin nan take, ya bar mai a tsaye cikin ƙarfe mai zafi, sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. Maganin ba shi da tsada: a tuƙa a hankali har inji ya ɗauki zafinsa, a sassauta gudu kafin a iso gida, ko a bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu. Juye kuma kada a ja shi. Masu irin wannan mota da yawa suna yi duk kilomita 5,000, kuma ina ganin sun yi daidai.

An ce da ɗan taɓawa kaɗan ake ƙara matsin iska ta ƙara gudu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan ne aka fi yin asara. Daga kamfani matsin bai kai bar 1 (ma'aunin matsin iska) ba. Fankar ɓangaren hayaƙi ta turbon asali da tangaran aka yi ta, don ba ta da nauyi, tana saurin ɗaukar juyi. Idan matsi ya wuce wajen bar 1, balle ga shekaru sun ja, fankar takan ɓalle daga sandarta ta farfashe. In an yi sa'a gutsattsarin su fice ta salansa. In ba a yi ba, ƙurar ta koma cikin silinda ta karce ta. Shi ya sa ƙirar Nismo (sashen tsere na Nissan) da N1, waɗanda aka yi don tsere, da fankar ƙarfe suka zo. Mai son ƙarin matsi ya fara sauya turbo zuwa masu fankar ƙarfe.

Tana misin idan na taka, amma a tsaye lafiya lau. Ina matsalar?

Galibi kwayil ne. Guda shida ne, kowane a kan fulogi, an rufe su da murfi a tsakiyar inji inda zafi ke taruwa, sai su tsattsage wuta ta riƙa zurarewa. Wayoyinsu ma sukan bushe su karye. A duba fulogi tukuna don ya fi arha.

Idan kuwa inji ya ƙi wuce juyi 2,500 a minti ɗaya ko kusa da haka, zargi ya koma kan na'urorin auna iska guda biyu da ke bayan matatar iska. Dalmar cikinsu takan tsage, ƙwaƙwalwar motar ta daina samun saƙo, sai ta taƙaita inji don kare shi. Idan baƙin hayaƙi ne da rashin ƙarfi, a nemi tiyon iska da ya kwance ko ya huje.

Hayaƙi mai shuɗi fa?

Mai take ƙonawa: ko turbo, ko robar bawul, ko ringi. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne. A ajiye ta.

Mene ne zancen famfon bakin mai da ake yawan yi?

A injinan farko-farko, wurin da karanshaf ke kama famfon ya juya shi gajere ne. Da yawan kai juyi ƙarshe wurin yakan cinye, giyar famfon ta tsage, mai ya ɗauke, inji ya buga cikin daƙiƙoƙi. Nissan ta faɗaɗa wurin a ƙirar baya. Duk ranar da aka sauke inji, a sa zoben da ake ƙerawa don wannan gyara. Kafin nan, ido a kan agogon matsin mai.

Fitilar 4WD ko ta HICAS ta kama. Abin tsoro ne?

Ba kullum ba. Tsarin 4WD, wanda ke tura ƙarfi zuwa tayoyin gaba, yana da tankin mansa a cikin but, a fara duba shi. Tayoyin huɗu kuma su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya, in ba haka ba na'urar za ta zaci taya na sulɓewa. HICAS shi ne ke ɗan karkata tayoyin baya. A R32 da matsin mai yake aiki, kuma idan ya tsufa bayan mota yakan yi rawa. Wasu na kulle shi da sandar ƙarfe. Ni na fi son a gyara shi matuƙar kayan na samuwa, don yana cikin abin da ya sa motar take yadda take.

To in ina son ƙarin ƙarfi, ta ina zan bi?

Birki da taya da lagireto tukuna. Sai sabon famfon fetur, domin tsohon da ya gaji ba ya kai mai daidai da iskar da turbo ke turawa, kuma ƙarancin fetur a cikin matsi fistin yake narkarwa. Bayan nan salansa, turbo, nozul, kuloci, sannan a kai wa wanda ya iya saita ƙwaƙwalwa a kan na'urar gwaji. An tsara injin ne a kan fetur mai babban oktan na Japan, don haka a saita shi da irin man da za ta riƙa sha. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da ka taka, ɗaga ƙafarka nan take.

Ana samun kayan gyaranta? Za a iya kawo ta Najeriya?

Tun 2017 Nismo ta koma ƙera wasu kayan R32 da suka ɓace a kasuwa, sai dai da tsada. Batun Najeriya kuwa, duk R32 GT-R sitiyarinta a dama yake, ƙasar kuma tun 1972 ta koma bin hannun dama, dokar hanya ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Mayar da shi hagu babban aiki ne, don ɓangaren hagu na injin nan ne turbo biyun suke zaune.