Ba Turai ce ke ɗauke da yawancin 'yan gudun hijira ba

Hotunan kwale-kwale maƙare da mutane a tekun Bahar Rum sun sa ana ɗauka cewa duk wanda yaƙi ya kora Turai ya nufa. Ba haka abin yake ba. Mafi yawansu ko iyakar ƙasarsu ba sa tsallakewa. Waɗanda suka tsallake kuwa, alƙaluman hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) na nuna kusan bakwai cikin goma a maƙwabta suke tsayawa.

Dalilin a fili yake. Uwar da ta fito da goyo a baya da ƙullin kaya a ka, ina ta ga kuɗin jirgi, balle biza? Inda ƙafa ta kai ta, nan za ta yada zango, tana sauraron labarin gida. Haka 'yan ƙabilar Rohingya ta ƙasar Myanmar sama da 700,000 suka kwarara Bangladesh daga 2017, 'yan Sudan kuma suka cika gabashin Chadi tun 2023.