Dokokin walwalar dabbobi kan dandaƙa, lalas da yanke ƙaho

Dokokin walwalar dabbobin kiwo su ne ƙa'idojin da ke fayyace abin da aka yarda a yi wa jikin dabba mai rai, da wanda zai yi shi, da lokacin da ya dace, da kuma ko sai an yi allurar kashe zafi tukuna. Galibin ayyukan da suka shafa ba na jinya ba ne, na sauƙaƙa kiwo ne: dandaƙa ko fiɗiya, ƙone tohon ƙaho ko yanke shi, lalas, tsaga kunne, huda hancin shanun huɗa, yanke wutsiya da rage bakin kaji. A birnin Kano, inda ake turke raguna da awaki a cikin gidaje, shanu kuma na shigowa daga kasuwanni irin su Wudil da Dambatta, abubuwa uku ne ke jan ragamar waɗannan ayyuka: dokar hukuma, fiƙihun Malikiyya, da kasuwa.

Dokar hukuma

Kundin Final Kod na Arewa, wato kundin hukunta laifuka, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta a sashe na 207 dukan dabba da mugunta, ko azabtar da ita, ko cutar da ita da gangan. Har haɗa raguna karo da haɗa zakaru faɗa sun shiga ciki. Takwaransa na Kudu, Kiriminal Kod, ya fi shi kusantar batun: sashe na 495 ya mai da laifi ne a yi wa dabba kowane irin aiki ba tare da kulawa da tausayi ba, kuma mai dabbar da ya bari aka yi ma bai tsira ba. Hukuncin shi ne ɗaurin wata shida ko tarar naira hamsin, kuɗin da yau ba zai sayi damin harawa ba.

Dokar likitocin dabbobi ta 1969 ta ɗora wa Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya rajistar masu wannan sana'a da ladabtar da su. Sai dai sashe na 207 da na 495 sun tsaya ne a kan hana mugunta a dunƙule. Ba su ce ga watannin da za a daina dandaƙe maraƙi da zafinsa ba, ba su kuma ambaci inda za a ɗora ƙarfen lalas ba.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara

A Ingila dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta fara ne da haramta yanke ko ɓata kowace gaɓa ta dabba in ba don magani ba, sannan ƙa'idojin 2007 suka jero abin da aka ware. Zoben roba da ake ɗaure marainan ɗan rago ko maraƙi da shi ba a sa shi sai a makon farko na haihuwa. Maraƙi ko ɗan akuya da ya kai wata biyu, da ɗan rago da ya kai wata uku, ba a dandaƙe su sai da maganin kashe zafi. Maganin shafawa mai cinye tohon ƙaho shi ma na makon farko ne kawai. An hana yanke wutsiyar saniya, an kuma hana yi mata lalas da ƙarfe mai zafi. Tarayyar Turai, a dokarta ta 1999 kan kajin ƙwai, ta ba ƙasashe damar barin a rage bakin 'yan tsaki, amma kafin su kai kwana 10, kuma a hannun wanda ya ƙware. Niyu Zilan ta wajabta allurar kashe zafi wajen cire ƙahon shanu daga Oktoban 2019.

Wannan ƙirge-ƙirgen kwanaki yana da dalili a jikin dabbar. Tohon ƙahon maraƙi a fata yake zaune har zuwa wajen wata biyu, kafin ya manne da ƙashin kai. Idan ƙahon ya girma, kogon cikinsa yakan haɗu da kogon goshi, shi ya sa yanke ƙahon babban sa ke barin rami a buɗe, jini ya yi ta zuba, ƙuda ya samu wurin ajiye tsutsa. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda aka kafa a 1924 kuma Najeriya na cikinta, ta ba da shawara iri ɗaya: a yi aikin dabba na ƙarama, in ta girma a yi da maganin kashe zafi bisa shawarar likita.

Abin da fiƙihu ya ce

A nan ne mai kiwo a Kano ya fi samun bayani dalla-dalla. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. A littafin dai an ruwaito hani ga dukan fuskar dabba da yi mata lalas a fuska, alhali ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa raƙuman zakka alama da hannunsa. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birni, ta tattara hukuncin a taƙaice: babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki saboda gyaran namansu, an hana dandaƙe dawaki, an karhanta lalas a fuska, a sauran jiki kuwa babu laifi.

Babin layya ya fi kowane sashe na doka tasiri a kan dillalai. Dabbar da ƙahonta ya karye yana jini ba ta isar wa layya, haka wadda aka tsaga wa kunne ko aka yanke shi da yawa. Dandaƙaƙƙen rago ya halatta, amma wanda ba a taɓa ba ya fi shi falala. Don haka mai turkar ragon Sallah ke kaffa-kaffa da ƙaho da kunnen Balami ko Uda, mai saye a 'Yan Awaki da ke Unguwa Uku kuma yakan kama ƙahon ya girgiza, ya ɗaga kunne ya duba, kafin a shiga ciniki.

A aikace

Dandaƙa ita ce aikin da aka fi yi, musamman ga bunsuru, don ya zama taure, ya yi ƙiba, warinsa ya ragu. Hanyar gargajiya ta daddaka jijiyar maraina da ƙarfe ko itace tana da tsananin ciwo, fiɗiya da wuƙa marar tsabta kuma kan jawo kumburi da cutar tetanus. Malaman dabbobi sukan yi amfani da Burdizzo, wata babbar filaya da ke murƙushe jijiyar ba tare da an tsaga fata ba. Ana matse kowane gefe daban, ba a ketare tsakiya, marainan su ƙanƙance cikin 'yan makonni.

Yanke ƙaho bai yaɗu ba, domin ƙahon shanun Bunaji da na Rahaji ado ne a wurin makiyayi. Yanke wutsiya kuwa matsalar tumaki masu ulu ce, waɗanda kashi ke maƙale wa, namu masu gashi ba sa buƙatarsa.

Lalas ne ya fi shafar aljihun Kano. Makiyaya na yinsa don shaida, wasu kuma don magani, su ɗora ƙarfe a kan kumburi ko gaɓa mai ciwo. Tabon ba ya fita ko bayan jima, kuma idan ya faɗa a gadon baya ko haƙarƙari, wato tsakiyar ƙirgi, sai darajarsa ta faɗi a majema da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. Shi ya sa masu harkar fata ke son a mai da alamar can ƙasan cinya, ko a koma ga lambar roba da ake maƙalawa a kunne.